Rabin Dalar Da Na Dirje Da Toka

Shekarun baya, lokacin ina zuwa Guangzhou saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu, ɗakin wani abokina nake sauka a unguwar Dengfeng. Jarabarsa ɗaya ce: tara tsofaffin rabin dalar Amurka na azurfa. Yana da ɗan akwati mai gurabe, kowace shekara da gurbinta. Ni dariya ma nake masa, ƙato da kai kana tara kuɗin da ko burodi ba za su saya ba.

To akwai wani tsohon ɗan canji, ɗan Sin, a layinmu. Da mun shiga shagonsa sai ya ja wa abokina kujera, ya zuba masa shayi, su duƙufa kan kwandala da gilashin ƙara girma suna ƙus-ƙus. Ni da nake kawo masa dalolin gaske, gaisuwa kawai nake samu, ina tsaye kamar ɗan rakiya. Wallahi abin ya riƙa ci na. Ƙyashi ne tsagwaronsa.

Gurbi ɗaya ya rage wa abokina, ya daɗe yana nema, kullum tsohon ya ce babu. Rannan a kasuwar tsofaffin kaya na ci karo da kwandalar, shekarar daidai, ta yi baƙi ƙirin. Na saya na yi gum. Ba don shi ba, don nima a ja mini kujera.

Sai na ce ai ba na kai ta da dauɗa ba. Na roƙi toka wurin mai gasa nama, na matsa lemun tsami, na dirje ta yadda mahaifiyata ke dirje awarwaronta. Ta fito fes.

Na iske abokina a shagon, na dire ta gaban tsohon ina hura hanci. Ya duba da gilashi, ya dafe kai, ya ɗora ta kan sikeli. Abokina ya fassara mini da sanyin murya cewa baƙin nan da na dirje shi ne darajarta, yanzu sai kuɗin nauyin azurfa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ashe nema kake taya ni? Allah Ya bar zumunci."

Na kasa cewa a'a. Na miƙa masa.

Har yau tana wurinsa, ko nawa aka taya sai ya ce kyautar amininsa ce. Ƙyashin dai bai bar ni ba. Yanzu zuciyarsa nake ƙyashi, don ko sau ɗaya bai taɓa zargi na ba.