Gahawar da Aka Sha Ba da Lado Ba

Malam Gidaɗo ya haura shekara tamanin lokacin da 'yarsa Muhibba, ma'aikaciyar jinya a Riyad, ta ɗauko shi daga Gombe ya zauna wurinta a unguwar Shifa. Yana saurayi, a zamanin gwagwarmayar neman 'yancin kai, shi ne sakataren reshen jam'iyyarsu. Dabararsu guda ce: duk wanda hukuma ta kira, tare za a je. Sun yi ƙarfi har ranar da shugabansu ya amsa gayyatar Baturen mulki shi kaɗai. Kafin damina ta wuce, 'yan jam'iyya ɗaya ke jifan gidajen juna.

A 2013, da aka tsananta binciken iƙama, wato takardar izinin zama, 'yan Najeriya masu dako a kasuwar Aziziya suka kafa ƙungiya don su tunkari ubangidansu tare. Shugabansu Lado ya zo gaishe da tsohon bayan sallar Juma'a.

"Baba, kanmu a haɗe yake. Ubangidanmu ma ya sauko, jiya ya kira mataimakina Kamil suka sha gahawa."

"Da kai aka sha?"

"A'a, ina wurin aiki."

"Me suka tattauna?"

Kamil bai gaya wa Lado ba, shi ma bai tambaya ba.

A taron da ya biyo baya, rabin mutanen ba su zo ba. Lado ya yi ta kiran Kamil, wayar tana shiga ba a ɗauka. Da Muhibba ta ba mahaifinta labari, sai ya ce ta sanar da Lado kada ya kwana a ɗakinsa, don za a iya zuwa kama shi.