Kawu Labbo Mai Majigi

Ku da kunka yi jami'a a Sakkwato shekarun fari da yunwa, wa zai manta Kawu Labbo? Ƙanen uwata ne, mutumin Tsamaye, shi ka haska muna fim ran Assabar bayan la'asar, an toshe tagogi da barguna. Fim ɗin wasa kaɗai yake sawa: dambe, gudu, ƙwallo. Kuma sai an zo daidai wurin daɗi, ƙaf! ya kashe inji ya miƙe wa'azi.

Ran nan wani talaka mai gudu ba takalmi saura taku uku ya ci tsere, sai duhu. Ɗaki ya ɗau ihu: "Kawu, saki!"

"Ba ni saki! Ku gaya min, mi yaron ga ya ci da safe? Wa ya hana shi takalmi?"

"Kawu, don Allah mu ga ko ya ci!"

"Ya ci tun bara a ƙasarsu. Ku ne har yau ba ku ci jarrabawa ba."

Wata rana ya sa na ɗan damben da anka hana shiga fili don launin fatarsa. Har da masu share hawaye. Kawu ya kashe, ya nuna kyaftin ɗin ƙwallonmu da yatsa.

"Kai, Sani, kukan mi kake? Ba kai ka hana Jaɓɓi buga ƙwallo ba, kana ce mai ɗan daji?"

Jaɓɓi Bafillatani ne ɗan ajinmu, daga Gatawa, farin ya cinye shanun gidansu kaf.

"Kawu, wallahi bai iya ba."

"Wanda ya bi garke da ƙafa har Nijar? To, ba sauran fim sai an sa shi!"

Sati biyu ba majigi, dole anka sa shi. Jaɓɓi ya yi gudu tun farko har ƙarshe, bai gaji ba, bai kuma taɓa ƙwallo ba ko sau guda. Munka juyo muna kallon Kawu. Ko a jikinsa.

"Ni gudu na ce ya iya."

Da yunwa ta tsananta, sai ya ajiye buhu bakin ƙofa: ba mai shiga sai ya zuba tafin gero ko garin rogo. Wani babban malami ya zo hannu sake.

"Labbo, ba ka gane ni ba? Ni ne Dakta."

"Na gane ka sarai, ranka shi daɗe. Sai dai ba a tuƙa tuwo da dakta. Je ka dawo."

Wallahi sai ga shi ya dawo da kwano cike!

Ni ka kai buhun tasha a ɗora wa motar garin Isa. Sai ranar jana'izar Kawu a Tsamaye na ga inda buhun yake zuwa. Tsofaffi mata sun cika zaure, ba wadda ta taɓa ganin majigi, kowace na faɗin, "Shi ya riƙe mu shekarar nan."

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar, ya sanyaya makwancinsa. Amin.