Jitar da Aka Kankare Daidai Hannuna

A shekarun da zan ba ku labari ni tela ne a Zongo, nan Yamai, saurayin da ya baro garinsu da keken ɗinki da girman kan da ya fi keken nauyi. Da rana ina ɗinki, da la'asar in ɗauki jita in zauna a fada wajen shayi, Asabar da Lahadi kuma a kira ni gidajen biki. Ban rubuto don a tausaya mini ba, domin da hannuna na jawo abin da ya same ni. Na rubuto ne saboda har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci, ga shi kuma ina ganin samari suna bin hanyar da na bi.

Wanda ya koya mini kiɗa wani tsoho ne mai gyaran kujeru da kayan kiɗa a unguwar Maourey. Baba nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Manunin hannuna na hagu ya ƙage tun ina ƙarami, bayan wata karaya da ba a ɗora daidai ba, don haka duk wanda ya gan ni da jita sai ya ce in koma ga almakashina. Baba bai ce haka ba. Ya ɗauko wata tsohuwar jitarsa marar suna marar tambari, ya samo fasasshiyar kwalba, ya shiga kankare bayan wuyanta. Ya kankare kaɗan, ya miƙo mini in riƙe, ya tsura wa yatsana ido, ya karɓa ya ƙara. Kusan wata guda muna haka, har wuyan ya sirance daidai tafin hannuna. Tsirkiyar da ta tsinke kuwa, daga wayar birkin moto, wato babur, ya zaro ya ɗaura. Ranar da ya ba ni ita ya gargaɗe ni cewa a wajensu abin kiɗan da malami ya ba ka ba a sayar da shi, in ka gaji ka mayar masa ko ka miƙa wa mai koyo. Na ce na ji.

Jitar tana da muni, ba zan ɓoye ba. Fenti ya goge, gefe ɗaya an liƙe shi da gam, ƴan fadarmu suna ce mata akushin Baba. Amma in na taɓa ta sai ta amsa tun kafin in gama tunanin abin da zan kaɗa, mata kuma a gidan biki ba sa iya zama a kujera. Abin da ya lalata ni wayar hannu ce. Na dinga kallon manyan makaɗa na ƙasashen waje, dukkansu riƙe da jitar wani kamfani da ba zan ambata ba, sunan yana walƙiya a kanta. Na kamu da son sunan nan har wata rana na ɗinka wa wani alhaji hannun riga a baibai ina kallo. Na shawo kaina cewa abin da ya raba ni da su sunan nan ne kawai.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa mai kawo kayan gwanjo daga Turai, a kusa da kasuwar Petit Marché, ya aiko mini cewa irinta ta shigo. Muka yi musaya, na ba shi keken ɗinki na biyu da na samu na saya, sai ya ce in ɗora masa da tsohuwar jitar, wai akwai mai neman irin waɗannan tsofaffin kaya. Ban tambayi ko wane ne ba. Gargaɗin Baba ya faɗo mini a rai, na kawar da shi, na miƙa ta ko waiwaye ban yi ba.

Sabuwar jita ba ta da aibi ko ɗaya, kada in ɗora mata laifin da ba nata ba. Itacenta yana ƙamshi, muryarta ta cika ɗaki. Amma in na rungume ta sai in ji kamar na rungumi randa. Wuyanta yana da kauri, tsirkiyoyin suna can sama, yatsana ba ya kaiwa, zurfin muryarta kuma yana haɗiye ƙananan salon nan masu sauri da ake taka wa rawa. Na ce sabo ne zai zo. Na canja tsirkiya, na canja zama, na yi ta yi har yatsan ya kumbura. Shekara biyu ina ƙoƙarin in so ta, ina yi wa kowa ƙaryar cewa ban taɓa jin daɗin kiɗa irin yanzu ba. A gidan biki hotunan da ake yi mini da ita sun fi kiɗan yawa. Wata tsohuwa ta faɗa a gabana cewa hannun tela ya yi nauyi, aka yi dariya, daga nan kira ya fara ja baya.

Sau ɗaya na kai wa Baba sabuwar jitar. Ya tambayi ina tsohuwar jitar, na ce tana gida tana hutawa. Ya juya sabuwar, ya yaba aikinta, ya sa na riƙe, ya kalli yatsana kamar yadda ya saba. Sannan ya laluba ƙarƙashin bencinsa ya fito da guntun kwalba, ya ce mako biyu sun isa ya gyara mini. Na fizge ta daga hannunsa, a gaban maƙwabtansa na ce wannan ba akushi ba ce da za a sa mata kwalba, in ya kankare ƙyallin me ya rage. Ya ajiye kwalbar a hankali, ya ce Allah ya sa albarka. Kunya ta hana ni komawa, ni kuma na kira ta yawan aiki.

Wata safiya ƴarsa ta zo shago ta ce Baba yana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma ya ce in zo da jitarsa in kaɗa masa, tsohuwar yake nufi. Na bar ɗinki a kan keke na ruga wajen ɗan kasuwar, ya kwatanta mini wani gidan abinci da baƙi suke zuwa. Can na same ta rataye a bango. An shafe ta da shuɗin fenti, an cire tsirkiyoyin, an yanke bayanta an sa ƙwan lantarki a ciki. Na roƙi mai wurin ya sauko mini da ita, ina riƙe wuyan hannuna ya zauna daram, har da fentin. Amma babu sauran abin kaɗawa.

Na tafi da sabuwar, ina cewa a raina idonsa ya yi rauni, ba zai gane ba. Na zauna bakin tabarmarsa na fara kiɗa. Bai bari na yi nisa ba, ya miƙo hannu ya shafa bayan wuyan da babban yatsa, daga sama har ƙasa, ya sake. Ya ce wa ƴarsa ta ba ni ruwa, ya juya fuskarsa bango. Bayan ƴan kwanaki ya rasu, ban nemi gafararsa ba.

Abin da na koya na koye shi a makare. Don abu yana da kyau ba shi ke nuna naka ba ne, kuma wanda ya ƙera jitar can bai taɓa ganin yatsana ba. Ku samari masu ɗokin suna, ku riƙe jita ku ji ko ta zauna a hannunku kafin ku karanta abin da aka rubuta a kanta, kuma kada ku rabu da abin da wani ya ɓata kwanakinsa yana gyara muku. Bara na fasa kwalba na zauna zan kankare sabuwar da kaina, na ƙwaƙule wuyan na lalata shi, don ban san inda ake tsayawa ba. Wata guda Baba yana kallon hannuna, ni ko sau ɗaya ban kalli nasa ba.