Baba Buromin da Ruwan Batir

Ɗalibai ne suka laƙa masa Baba Buromin, sunan ya bi shi har gida, don ko matarsa in ta so tsokana haka take kiransa. Malamin kemistiri ne a wata sakandare, kuma tun yana da baƙin gashi yake koyar da babin alkil halaid, wato sinadaran da kulorin ko buromin ko aidin ke maƙale a jikin kabon.

Gwaji guda ne ya tsaya masa a rai. A jera kwalabe uku na waɗannan sinadaran a ruwan ɗumi, a ɗiga musu ruwan sinadarin azurfa. Mai aidin zai riga juyawa rawaya, mai buromin ya biyo da kalar madara, mai kulorin sai ya gama jan aji kafin ya yi fari. Shekara da shekaru da baki yake ba da wannan labari, don ɗakin gwajin makarantar ba komai ciki sai ƙura da fasassun kujeru.

"Malam, kai ka taɓa gani da idonka?" wata ɗaliba ta tambaye shi.

"Na gani mana, kafin a haifi uwarki," ya ce, aji ya kwashe da dariya. Shi kam abin ya ƙona masa rai.

Ana saura kaɗan ya yi ritaya, bayan ya kusa cinye takalminsa a hanyar ofishin shugaban makaranta, sai ga kayan sun iso. Garin azurfar ɗan mitsitsi ne, na gwaji ɗaya tak. Ranar ya sa farar rigar aiki, ya tara aji. Ya ɗauko jarkar tataccen ruwa da ya daɗe yana ɓoyo a kabad, ya tsiyaya, ya juye garin duka. Nan take ruwan ya yi fari fat, tun bai taɓa kwalba ko ɗaya ba.

Yara suka hau tafi. "Ya yi, Malam, ya yi!"

"Bai yi ba!" ya daka musu tsawa. Ruwan famfo ne a jarkar, kulorin da ke ciki ya gama da azurfar.

Da ya bi diddigi, ashe direban makaranta ne ya ƙarar da tataccen ruwan a batirin bas, ya cike jarkar a famfo.

"Haba Malam, ruwa ai ruwa ne," in ji direban, yana goge hannu da tsumma.

Baba Buromin ya dubi mutumin, ya wuce ofis ya kai ƙara. Shugaban makaranta ya ce a yi haƙuri sai baɗi, alhali ya san baɗin Baba Buromin ya riga ya yi ritaya.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta ce, "Yallaɓai, yau kuma da wa aka yi?"

"Da famfo," ya ce, ya ture kwanon.

Har ya bar aiki bai sake shiga bas ɗin nan ba. Ko ruwan sama ake yi, direban ya tsaya yana masa hon, sai ya ɗaga lema ya ci gaba da tafiyarsa a ƙasa.