Buhun da Ya Fi Inna Yawo

Shekarar da Inna ta ji ƙulli a mamanta na hagu, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, babu wanda ya sha yawo a gidanmu irin buhun waken suyarta. Inna mahaifiyata ce, awara take soyawa a Jega tun ina goye.

Ma'aikaciyar lafiya ta taɓa ƙullin, ta ce a kai ta babban asibiti, kada a yi jinkiri. Sai aka kira Kawu, ƙanin Inna, manomin albasa a Aliero, wanda tun da ya sayi babbar waya ba a ƙara jin ya ce "ban sani ba". Ya iso da saƙon murya: wai a cikin waken suya akwai sinadari mai kama da na jikin mata, shi sankarar mama take ci ta yi ƙiba.

"Yaya, wanga wake ba ya ƙara kwana gidan ga," in ji shi.

Aka ɗaure buhun a bayan babur, aka kai shi gidan surukinsa a Maiyama. Bayan kwana goma wani saƙon ya shigo: ashe waken kariya ne. Buhu ya dawo a keke mai ƙafa uku, Kawu na gefe yana tallafe da shi. Aka tsare Inna da madarar wake safe da yamma. Saƙo na uku ya sake korarsa.

Sau biyar buhun nan ya bi hanyar. Masu babur suka san shi, har suna tambayar Kawu ya mai jiki. Ni kuma, mai taƙamar boko, ina cikin gardamar tsundum, ina kawo bayanin ɓerayen da aka yi gwaji a kansu. Har yau idan na tuna, haushin kaina ya fi na Kawu yawa a raina.

Sai ranar da na ga Inna ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali muka nemi motar zuwa babban asibitin. Wata biyar ke nan da maganar ma'aikaciyar lafiya.

Likita ya saurari Kawu har ya gaji don kansa, sannan ya ce bai ga hujjar hana mace awara ba, ƙwayoyin maganin da ake tara sinadarin a cikinsu ne ake kaffa-kaffa da su. Ya juya ga Inna.

"Mama, da kin zo yana ƙarami, wataƙila da ƙullin kaɗai za mu cire. Yanzu sai dai mu cire maman duka."

Ta gyara mayafi. "To likita, in ci awarata?"

"Ki ci."

A bakin ƙofar asibitin ta sayi awara, ta zauna ta ci, ta ce mai suyar ba ta iya tace wake ba. Ta miƙo mana ledar. Ni da Kawu babu wanda ya iya sa hannu.