Mazaunin Yaya a Motar Faskari

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa, sababbin bas-bas sun cika hanyar Funtuwa, amma mu masu zuwa Faskari daga Ƙanƙara har lokacin motar katako muke shiga, mai bencina a jere da tamfol a sama. Zama a cikinta yana da tsari, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗar sa da baki. Dattawa da tsofaffin mata can ciki kusa da kan mota, inda iska ba ta kaiwa. Magidanta a tsakiya. Yara da 'yan mata kuwa a wutsiya, inda tamfol ya ƙare.

Yayata tana da amosanin jini, wanda yanzu ake kira sikila. Duk wanda ya gan ta ba zai yarda ba, don doguwa ce mai fara'a, ga tsabta. A gidanmu ba a ambatar ciwon a waje, sai a ce ba ta jin daɗi. Ni kuwa da muke ɗaki ɗaya na san alamominsa sarai. Farin idonta yakan koma ruwan ɗorawa, kuma in ƙashi ya fara sara, sai ta cusa babban yatsanta cikin tafin hannu ta damƙe. Abin da ya fi tayar mata da shi sanyi ne. Ruwan sama in ya jiƙa ta, sai kwanciya ta makonni.

A wata damina aka kira ta jarrabawar shiga makarantar horon malamai, za a zauna a Faskari washegari da safe. In ta wuce ta, sai baɗi. Inna ta haɗa mu tare, ta ja ni gefe ta ce, "Ke ce idona. Kada ki bari ruwa ya taɓa ta."

Ban san yadda zan yi ba. Ni ce yarinyar da ko a aji aka tambaye ni, sai in kalli yatsun ƙafata.

Mun isa tasha da wuri, motar ba kowa, Yaya ta shige can ciki ta zauna a lungu. Hadari yana haɗowa daga gabas. Mutane suka yi ta shigowa da buhuna da kaji, har wata Hajiya mai sayar da goro, 'yar Damari ta wajen Sabuwa, ta hawo tana nishi. Ta tsaya a kan Yaya.

"Ikon Allah! 'Yan boko. Ɗiya kamar ke, jini na gudu a jiki, kin zo kin shimfiɗe a wurin tsofaffi?"

Wani Malam mai carbi ya ce, "Ai Hajiya, yanzu in sun iya ƙirga da Turanci, mu ne ƙannensu."

Aka yi dariya. Ɗan kamashon tasha ya leƙo ya ce, "'Yan mata, a koma baya, a ba manya wuri."

An koya mana cewa ɗiya mai kunya ba ta kai kukan jikinta gaban manya. Yaya ta sunkuyar da kai ta taso, muka koma wutsiya, muka zauna a kan buhun masara.

Ba mu yi nisa da gari ba aka fara yayyafi. Iska tana kaɗa bakin tamfol, feshi yana shigowa. Na cire mayafina na lulluɓe mata kafaɗu, ya jiƙe nan da nan. Na ga ɗigon ruwa yana bin gefen kunnenta yana shiga wuyan riga. Sai na dubi hannunta. Babban yatsan ya shige ciki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Motar ta yi tsalle, na dafa kafaɗar wani bawan Allah, na ji muryata ta fita siririya kamar ta ɗan akuya.

"Hajiya, don Allah, Yayata ba ta da lafiya."

"Mi ya same ta? Ga ta nan garau."

"Ciwon a ƙashi yake, ba a gani. In ruwan nan ya jiƙa ta ba za ta tashi ba gobe, kuma gobe take jarrabawa." Yaya tana jan zanena, ban zauna ba. "Ki dubi idonta, Hajiya. Ki duba kawai."

Hajiya ta ce a miƙo mata ita. Aka riƙo Yaya hannu zuwa hannu har ciki. Tsohuwar ta ɗaga mata haɓa, ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, ta daɗe tana kallo.

"Haka idon jikana yake," ta ce a hankali. "Yakan kwana yana ihu da ƙafafu. Ubansa cewa yake lalaci ne, don kada ya tahi gona."

"Ba lalaci ba ne," in ji Yaya, karo na farko da ta buɗe baki. "A asibiti sun san shi. A yawaita ba shi ruwan sha, a kiyaye shi daga sanyi."

Hajiya ta juya kan Malam mai carbi. "To, ƙanen 'yan boko, gusa mana!" Ya gusa yana dariya. Ta zaunar da Yaya a lungun, ta zare bargon da ta rufe kwandon goronta da shi ta naɗe ta. Wani makiyayi ya miƙo goran ruwansa. Daga nan har Faskari tambayoyi ake yi mata, tana amsawa kamar ta riga ta zama malama. Wata mata ta ce ƙanwarta ma haka take, wani ya ce ɗan maƙwabcinsa. Ashe ciwon da muke ɓoyewa yana gidaje da yawa.

Ni na koma wutsiya, na jiƙe sharkaf, haƙorana suna kaɗawa, ina ta murmushi ni kaɗai.

Yaya ta kwana da ɗan ciwon gwiwa, amma da safe da ƙafarta ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma ta ci. Labarin ya koma tashar Ƙanƙara ta bakin direba. Da muka zo tafiyarta makaranta, ɗan kamashon yana hango mu ya buga jikin mota da tafin hannu ya ɗaga murya:

"Akwai yaro ko yarinya mai ciwon ƙashi? A faɗa, ba abin kunya ba ne. Wurinsu na ciki!"

Yaya ta hau. Wani saurayi da ban sani ba ya ɗan yi jim, sannan ya ɗaga hannu, ya bi bayanta.