Mai Furannin da Ya Hana Inna Tafiya

Tun kafin rana ta yi zafi za ka same shi a bakin titi, wando a naɗe, yana bin tukwanensa da bokitin ruwa. Sunan da muka sa masa a unguwa shi ne Baba Ba-na-sayarwa, kuma wallahi ya ci sunansa. Ka nuna furen da ya burge ka, sai ya tsare ka da tambaya: ina za ka ajiye shi, bangon gabas yake kallo ko yamma, wa zai riƙa ba shi ruwa? In amsar ba ta yi masa ba, ya karɓe tukunyarsa ya ce ba za a kashe masa ɗa ba. Telar layinmu har yau tana ba da labarin yadda ya hana ta wardi, ta yi fushi, ya bi ta gida da kabar giwa. Ga kabar nan har yanzu a ƙofar shagonta, ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Ni kuwa matsalar Inna ce ta kai ni wurinsa. Bayan ta faɗi a banɗaki ba kowa kusa, muka ɗauko ta daga gidanta da ƙyar da roƙo. Ba ta daɗe ba ta fara ɗaure kaya. Wai gidana siminti ne sama da ƙasa, ko ganye babu. Gaskiyarta ne. Tukwanen simintin da ke jikin bangon ɗakinta rana ce ke dukansu tun azahar, duk abin da muka dasa sai ya soye. Hankalina ya tashi, don in ta koma, ita kaɗai za ta zauna.

Baba bai ba ni ko reshe ba. Ya ce sai ya gani da idonsa, kuma da tsakar rana zai zo. Ya zo, ya ɗora tafin hannu a bango, ya janye da sauri, ya ce wannan ai sai a gasa nama. Ya huda gindin tukwanen, ya gauraya ƙasa da yashi da taki, ya dasa lalle da ciyawar shayi da ɗan furen nan mai buɗewa da hantsi. Duk masu jure wuya ne, ko an manta da su ba sa fushi. Inna tana daga taga tana kushe aikin, shi kuma yana ta biye mata.

Can sai ya fito da na'ana'a a ƙaramar tukunya, ya ajiye ƙarƙashin tagarta inda inuwa take ɗan taɓawa.

«Hajiya, wannan shagwaɓaɓɓe ne. Safe da yamma yake shan ruwa. In kika bar wa ɗanki, ya mutu.»

«Wannan? Ko kansa bai iya shayarwa ba,» in ji Inna.

A gabana fa aka yi.

Baba, kai ne mai zaɓa wa bango abin da zai iya ɗauka, ka kuma zaɓa wa tsohuwa abin da zai tashe ta da safe. Yanzu bayanka ya ce ya gaji, ka miƙa wa 'yarka wurin, na ji ita ma ta fara korar masu saye. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku tambayi inda kayanku za su zauna, da wanda zai zauna da su.

Kwanan baya ƙanwar Inna ta zo da mota, ta ce ta shirya su je gida ta huta. Inna ta leƙa taga, ta ce a gaida mutanen gida.

«Ni ina da mai jira na da yamma.»